Daga tace bidiyon biki zuwa siddabarun fim: jagora ga matasan Arewacin Kamaru da Cadi

A Garwa da Marwa da Gaundare, haka kuma a Kusiri da Injamena, akwai matasa da dama da suke cin abinci da tace bidiyo, kama daga na bikin aure da suna zuwa na waƙoƙin yabo da tallan shaguna da gajerun finafinan da ake ɗorawa a YouTube da TikTok. Da yawansu sun iya liƙa wuta da hayaƙi da walƙiya waɗanda suka sauko da su a shirye daga intanet, kuma a nan ne akasarinsu suke cin birki shekara da shekaru. Wannan jagora na wanda yake son ya haye wannan matsayi ne, ya kai inda darakta zai damƙa masa ɗauka mai wuya, wato guntun bidiyon da kamara ta ɗauka a tashi ɗaya, ya kwanta da sanin cewa za a dawo masa da ita a kan lokaci ba tare da mai kallo ya gane an taɓa ta ba. Kaso mai yawa na siddabarun da ake biyan kuɗi a kansa a finafinan duniya irin wanda ido ba ya gani ne: goge igiyar da aka ɗaure jarumi da ita, kawar da turken lantarki, sauya sararin samaniya, ƙara wa gini tsawo, ko mayar da mutum goma su zama ɗari. Wanda ya ƙware a wannan ya sami sana'a ko da kwamfutarsa matsakaiciya ce, kuma sababbin dabarun da suka shigo a 'yan shekarun nan shi suka fi yi wa amfani.

Domin maganar ta sauko ƙasa, za mu riƙe misali guda. A ce darakta yana shirya fim kan labarin da ya faru kafin samun 'yancin kai a 1960, yana kuma son ɗauka ta daƙiƙa 10 inda mahaya dawakai suke ratsa wani lungu na tsohuwar unguwa a Garwa. Lungun na yau cike yake da wayoyin lantarki da rufin kwano da farantan satalayit, ga ledoji maƙale a rassan bishiya, dawakan da aka samu aro kuwa goma ne kacal, shi kuma arba'in yake so, da ganuwar ƙasa a bayansu. A kan firam 25 a kowace daƙiƙa, wannan ɗauka hotuna 250 ce, kuma kowane ɗaya sai ya fita ba aibi.

Mataki na farko: ka zaɓi reshe guda ka zauna a kansa

A manyan kamfanoni irin su Industrial Light & Magic, wanda George Lucas ya kafa a 1975, ko Framestore da DNEG na Landan, aikin a rarrabe yake. Akwai masu roto, wato masu zagaye mutum ko doki da layi firam bayan firam domin a raba shi da abin da ke bayansa. Akwai masu goge abin da ba a so. Akwai masu bin motsin kamara. Akwai masu ƙera siffofi da masu yi musu launi da masu motsa su. Akwai masu kwaikwayon wuta da ruwa da ƙura. Akwai masu haske. Sai kuma masu haɗa hoto, waɗanda komai yake taruwa a hannunsu a ƙarshe. A wajenmu dole za ta sa ka taɓa kusan duka, amma duk da haka ya kamata a san ka da abu guda. Shawarata ga mai farawa a wannan yanki ita ce ya kama ɓangaren haɗa hoto, ya soma da roto da gogewa da bin motsi. Wannan ɓangare ba ya cin ƙarfin kwamfuta kamar kwaikwayon ruwa da wuta, shi ne daraktocinmu suka fi buƙata, kuma ta ƙofarsa sababbin ma'aikata da yawa suke shiga manyan kamfanoni. Aikin roto mai yawa na finafinan Amurka da Turai a biranen Indiya irin su Mumbai da Chennai ake yin sa, abin da ke nuna cewa aiki ne da ake iya yi nesa da inda aka ɗauki fim.

Mataki na biyu: kwamfuta da wuta da zafi

Kada ka jira sai ka mallaki na'ura mai tsada. Abin da za ka duba shi ne RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, da ta kai gigabait 16, in da hali 32, da faifan ajiya irin na SSD, da katin hoto na Nvidia daga jerin RTX mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 ko fiye. Na ambaci Nvidia ne saboda manhajoji da yawa na ƙirƙirarriyar basira da na ƙera siffa daga hotuna a kan fasaharta ta CUDA aka gina su. In ta hannu za ka saya, ko daga Duwala ta zo ko daga Kano, ka sa ta renda mai nauyi, wato lissafin da kwamfuta ke yi ta fitar da kammalallen hoto, na rabin awa a gaban mai sayarwa, kana kallon ma'aunin zafinta, domin kati mai ciwo a nan yake tona kansa. Kwamfutar tebur ta fi sauƙin sanyayawa da sauya kayan ciki, amma sai an haɗa ta da na'urar riƙe wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira onduler, wadda za ta ba ka mintocin adana aiki in an ɗauke wuta. Ta tafi-da-gidanka tana da batirinta, sai dai a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Injamena, takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Saboda haka ka mayar da renda aikin dare, ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka kuma riƙa hure ƙura daga fankokinta a kai a kai, musamman a lokacin hunturu.

Akwai ɗabi'a guda da nake ganin ta fi kowace muhimmanci ga mai aiki a inda wuta ba ta da tabbas, ita ce kada ka taɓa fitar da renda kai tsaye a matsayin bidiyo. Ka fitar da ita a matsayin jerin hotuna, kowane firam da fayil ɗinsa, a tsarin EXR ko PNG. Lissafin a fili yake: in kowane firam na ɗaukarmu yana cin minti 2, firam 250 za su ci minti 500, wato awa 8 da minti 20. In wuta ta tafi a awa ta bakwai kana fitar da bidiyo, galibi fayil ɗin ya lalace ke nan. In jerin hotuna kake fitarwa kuwa, sai ka ci gaba daga firam ɗin da ta tsaya. Ka tanadi wurin ajiya, domin firam ɗaya na EXR mai faɗin 1920 da tsawon 1080 yana kai megabait 12 kafin a matse shi, ɗaukar duka tana neman gigabait 3. Kayan da darakta ya ba ka kuwa su kasance a wuri uku, ɗaya daga ciki a wani gida dabam.

Mataki na uku: manhajoji

Manhajojin sata ba su da gurbi a wannan tafiya. Suna shigo da cuta cikin kwamfuta, kamfanin waje ba zai yarda a yi masa aiki da su ba, kuma yanzu buƙatarsu ta kau. Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya assasa, kyauta ce tun 2002, tana ƙera siffa, tana bin motsin kamara, tana renda, kuma da ita aka yi fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar ta zanen motsi a 2025. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design tana da sigar kyauta, kuma tun 2018 aka saka mata sashen Fusion, inda ake haɗa hoto ta hanyar ƙulle-ƙullen da ake jona su da juna. Da waɗannan biyu kaɗai za ka gama ɗaukar mahayan nan. Idan burinka aiki da manyan kamfanoni ne, sai ka ƙara da Nuke ta kamfanin Foundry, domin ita ce suka fi aiki da ita. Tana da sigar koyo ta kyauta wadda ba ta wuce girman 1920 da 1080, kuma sharaɗinta shi ne ba a aikin kuɗi da ita. Wanda ya fahimci tsarin ƙulle-ƙulle a Fusion ba zai sha wuya a Nuke ba, tunda tunanin iri ɗaya ne. Houdini ta kamfanin SideFX na Toronto, uwar kwaikwayon ƙura da hayaƙi, ka bar ta sai ƙafarka ta tsaya.

Mataki na huɗu: ka je wurin ɗauka da kanka

Rabin wahalar da masu tacewa ke sha a gaban kwamfuta a filin ɗauka aka haife ta, don haka ka roƙi darakta ya sa ka cikin shiri tun kafin a kunna kamara. Abu na farko shi ne saitin kamarar. Wutar lantarkin Kamaru da Cadi a kan bugu 50 a daƙiƙa take, shi ya sa ake ɗauka a kan firam 25 da saurin ƙiftawar kamara ɗaya bisa 50. Wayoyi da yawa a kan firam 30 suke zuwa, kuma shi ke kawo rawar haske a ƙarƙashin fitilu. In da janareta ake aiki, a gwada kafin a fara, domin bugunsa yakan yi sama da ƙasa. A kulle yawan haske da daidaiton fari da fokas, kada kamara ta riƙa sauya su da kanta a tsakiyar ɗauka. Mai ɗauka da waya ya yi amfani da manhaja irin Blackmagic Camera, wadda take kyauta kuma take ba shi ikon kulle duk waɗannan. Wayoyi sukan kuma ɗauki bidiyo da adadin firam mai sauyawa, saboda haka a juya shi zuwa tsayayyen adadi, da manhaja irin Shutter Encoder, kafin a soma roto, in ba haka ba layukanka za su riƙa zamewa.

Abu na biyu shi ne rubutu. Ka riƙe littafi ka rubuta sunan kamara, da tsawon lans, da tsayin kamara daga ƙasa, da nisanta da mahaya, da lokacin ɗauka, da gefen da rana take. Ka auna faɗin wata ƙofa ko tsawon wani bango da ke cikin hoton, domin da shi za ka daidaita girman ganuwar da za ka ƙera. Da an gama ɗauka, kafin a motsa kamara, ka nemi a fitar da kowa a ɗauki lungun babu mutum na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan hoton fili shi ne za ka riƙa cikowa da shi duk inda ka goge wani abu. Ƙwararru sukan ɗaga ƙwallo biyu a inda jarumi ya tsaya, ɗaya mai ƙyalli kamar madubi, ɗaya mai ruwan toka, domin su adana yadda haske yake a wurin. In ba ka da su, ɗauki hoton zagaye na wurin da wayarka, da haske daban-daban, daga mai duhu zuwa mai haske.

Game da yawaita mahaya, a kafe kamara a kan ƙafarta kada ta motsa, a ɗauki mahayan goma a gaba, a mayar da su tsakiya bayan sun sauya rawuna da jeri, a ƙara matsar da su baya, sannan a kai su can baya, rukuni huɗu ke nan. A yi wannan cikin hanzari, domin rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, kuma inuwar rukunin farko da ta na ƙarshe za su saɓa in aka ja lokaci. Ƙurar da kofato ke tayarwa ita ce mai wuyar yankewa, don haka a bar tazara tsakanin rukuni da rukuni yadda ƙurar wannan ba za ta hau kan wancan ba.

In aikin na koren labule ne, wato wanda ake ɗaukar ɗan wasa a gabansa domin a cire koren a sa wani wuri a madadinsa, a miƙe shi sarai ba tare da lanƙwasa ba, a haska shi daidai wa daida, a kuma nisanta ɗan wasa da shi kamar mita 2 zuwa 3. Farar babbar riga da shadda mai sheƙi suna kwasar koren haske ƙwarai, haka ma goshi da kunci in akwai gumi, mayafi mai shara-shara kuma yana buƙatar kamara mai adana launi da yawa, irin mai bit 10. Idan akwai kore a tufafin ɗan wasa, a koma shuɗin labule. Kafin duk wannan, a nemi izinin mai unguwa da masu gidaje, na fada kuma a wajen lamiɗo ko wakilinsa, kuma kada a ɗaga kamara ko jirgi marar matuƙi kusa da gada ko barikin soja ko kan iyaka sai da takardar hukuma.

Mataki na biyar: tsarin haɗawa

A gaban kwamfuta, jerin aiki yana da muhimmanci. Ka fara da tsara manyan fayiloli da sunaye, kowane gyara da lambarsa, v001 da v002 har zuwa na ƙarshe, kada ka taɓa rubuta sabo a kan tsoho. A kamfanoni akan soma ƙidayar firam daga 1001 domin a sami sararin ƙari a farkon ɗauka, kuma yana da kyau ka saba da hakan tun yanzu. Daga nan sai bin motsi in kamara ta motsa, sai gogewa, sai roto, sai shigo da abin da aka ƙera, sai daidaitawa.

Wajen goge wayoyin lantarki da rufin kwano, kuskuren mai koyo shi ne ya riƙa fenti a kowane firam, abin da ke sa wurin ya riƙa ɓari in an kunna. Hanyar da ta dace ita ce ka gyara firam guda da kyau, ka ɗora gyaran a kan motsin da ka bi, sannan ka maido da mahayan a samansa ta hanyar roto. A roto kuwa kada ka zagaye doki da layi ɗaya. Ka raba shi gaɓa-gaɓa, kai dabam, wuya dabam, kowace ƙafa kashi biyu ko uku, ka sa maɓallan motsi, wato firam ɗin da kake daidaita layin da hannu, a inda motsin ya juya, ka bar kwamfuta ta cike tsakani. Aiki ne mai cin rai, amma a nan ido yake koyon yadda jiki ke tafiya.

Daidaitawa ita ce zuciyar sana'ar, kuma kamar faci ne a hannun gwanin tela, wanda sai an juya rigar ake gane wurinsa. Ka fara da baƙi: wuri mafi duhu a ganuwar da ka ƙera kada ya fi duhun abin da ke kusa da shi a hoton asali. Sai fari, sai launi, sai gefen da inuwa ta faɗa da kaifinta. Garuruwanmu suna kusa da tsakiyar duniya, Garwa a wajen digiri 9 arewa, Injamena a wajen 12, saboda haka rana tsaka inuwa gajera ce mai kaifi, kuma hoton zagaye na haske da aka sauko da shi daga intanet wanda aka ɗauka a Turai ba zai ba ka irinta ba. Ƙasa ma tana mayar da haske: jar ƙasar Gaundare tana jefa ja a ƙarƙashin haɓa da cikin doki, rairayin bakin kogin Shari yana jefa fari mai ɗan rawaya. Hazon hunturu kuwa yana cinye bambancin duhu da haske gwargwadon nisa, yana jan launin abu zuwa launin sama, don haka ganuwar da ke nesa dole ta dushe fiye da mahayan da ke gaba. Bayan haka sai dishi-dishin motsi, da laushin fokas, da ɗan lanƙwasar da lans ke yi wa hoto a gefe. Na ƙarshe shi ne ɗigo-ɗigon da kowace kamara ke bari a hoto. Abin da kwamfuta ta ƙera sumul yake fitowa, sai ka saka masa irin na asalin, kana duba ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan lissafi yana fita daidai ne in ana aiki da haske a miƙe, yadda yake a zahiri, shi ya sa ya kamata ka koyi tsarin launi na ACES, wanda cibiyar da ke ba da kyautar Oscar ta fitar da cikakkiyar sigarsa ta farko a 2014, da kuma OpenColorIO, tsarin sarrafa launi da Blender da Nuke suke amfani da shi. Ka ba wannan mako biyu ko uku na karatu, domin tambaya ce da akan yi wa mai neman aiki.

Mataki na shida: sababbin dabaru, da wadda ta dace da mu

Dabarar da ta fi yin suna ita ce ɗauka a gaban katangar allunan LED, wadda ta shahara daga 2019 lokacin da Industrial Light & Magic ta yi aiki da ita tare da injin Unreal, manhajar ƙera wasannin kwamfuta ta kamfanin Epic Games. Ana nuna wurin da aka ƙera a kan allunan, yana motsi tare da kamara, haskensa yana sauka a jikin ɗan wasa. Kuɗin gina irin wannan ɗaki ya fi ƙarfin finafinanmu, amma injin kansa, wanda sigarsa ta 5 ta fito a 2022, kyauta ne ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba. Amfaninsa a gare mu shi ne gwajin fitowa kafin ɗauka: ka gina lungun da ganuwar a ciki, ku zauna da darakta ku zaɓi inda kamara za ta tsaya tun kafin a biya kuɗin hayar doki ko ɗaya.

Wadda na fi ba muhimmanci ita ce ƙera siffa daga hotuna. Ana zagaya abu ana ɗaukarsa hoto ɗari ko fiye, kowane hoto yana hawa kan na baya da kamar kashi biyu cikin uku, a ranar da gajimare ya rufe rana ko a cikin inuwa, sai manhaja irin Meshroom ko RealityScan ta fitar da siffarsa da launinsa. Gilashi da ƙarfe mai sheƙi suna rikita ta, amma bangon ƙasa da dutse da icce tana son su ƙwarai, kuma su ne arzikinmu. Ganuwar ɗaukarmu daga wani tsohon bango na gaske ya kamata ta fito. Gidajen Musgum na yankin Pus, da duwatsun Rumsiki, da dutsen Mindif kusa da Marwa, da zanen bangon Gawi kusa da Injamena, abubuwa ne da da wuya ka same su a rumbunan siffofi na intanet, kuma wanda ya tara su da izinin masu su yana da abin da ɗan'uwansa na Paris ko Legas ba shi da shi. A 2023 masu bincike na cibiyar Inria ta Faransa da cibiyar Max Planck ta Jamus suka gabatar a taron masana zanen kwamfuta na SIGGRAPH da wata hanya mai suna Gaussian Splatting, wadda take wakiltar wuri da miliyoyin ɗigogi masu laushi maimakon fuskoki, tana kuma iya kama ganyen bishiya da ƙyalli waɗanda tsohuwar hanyar ke kasawa. Rauninta shi ne hasken ranar da aka ɗauka yana manne a ciki, sauya shi yana da wuya, don haka ta fi dacewa da abin da ke baya can da kuma nuna wa darakta wuri ba tare da ya je ba.

Sai ƙirƙirarriyar basira. A roto da gogewa ta rage aiki sosai: Nuke ta sami CopyCat a 2021, inda kake gyara firam kaɗan da hannu na'ura ta koyi sauran, sigar kuɗi ta Resolve tana da Magic Mask, kamfanin Meta kuma ya saki Segment Anything a 2023 da sigarsa ta bidiyo a 2024. Ka yi amfani da su a matsayin zagaye na farko, sannan ka bi da hannu, domin gefen gezar doki da bakin rawani sukan yi rawa daga firam zuwa firam, kuma wanda bai taɓa yin roto da hannu ba ba zai ma lura ba. Hotunan da ake haifarwa daga rubutu suna da amfani wajen nuna wa darakta tunani, amma sukan cakuɗa gininmu da na wasu ƙasashe, su ba ka abin da dattijon Garwa zai ce bai taɓa gani ba. Akwai kuma amana: kada ka ɗora bidiyon darakta a shafin wani kamfani ba da saninsa ba, kuma kada ka sauya fuska ko muryar wani, malami ne ko ɗan siyasa ko ɗan wasa, sai da yardarsa a rubuce. Ɓarnar da irin wannan ke yi a cikin al'umma babba ce, kuma sunan mai yin ta ba ya wankuwa.

Mataki na bakwai: nuna aiki da karɓar gyara

Faifan nuna gwanintarka kada ya wuce minti ɗaya zuwa biyu, mafi kyawun aiki a farko, kowace ɗauka tare da bayanin yadda take kafin a taɓa ta da matakan da aka bi, da kuma abin da kai ka yi a ciki. Ɗauka huɗu masu tsabta sun fi ashirin masu rauni. Ka guji cika shi da abin da ka kwaikwaya daga darasin YouTube, domin masu ɗaukar aiki sun ga irinsa ba adadi; ɗaukar mahayan nan, da ka ɗauka a garinku, ita za ta tsayar da su. Ka ɗora a Vimeo ko ArtStation, ka buɗe shafi a LinkedIn, ka kuma nemi waɗanda suka fi ka su duba maka, ka karɓi gyaransu ba tare da kare kai ba. Faransancin da ka yi a makaranta jari ne, tunda Faransa da birnin Montreal na Kanada cike suke da kamfanonin wannan sana'a, amma akasarin littattafai da darussa da Ingilishi suke, saboda haka ka koyi wanda zai ishe ka karatu da amsa saƙo. Bikin finafinai na Écrans Noirs da Bassek Ba Kobhio ya kafa a Yawunde a 1997, da FESPACO na Wagadugu, wurare ne na haɗuwa da daraktoci, kuma kamfanin Triggerfish na Afirka ta Kudu yana da darussan zanen motsi na kyauta a intanet. A cikin gari kuwa, ku haɗu ku uku ko huɗu, ku raba kuɗin intanet, wanda ya sauko da darasi ya ba sauran, ku riƙa duba aikin juna a babban allo sau ɗaya a mako.

Mataki na takwas: ciniki

Ya kamata ka san cewa sana'ar tana da hawa da sauka har a manyan ƙasashe. Yajin aikin marubuta da 'yan wasa na Amurka a 2023 ya tsayar da ayyuka da yawa, kuma a farkon 2025 rukunin Technicolor, mai kamfanonin MPC da The Mill, ya durƙushe. Don haka kada ka yi watsi da bidiyon biki da talla da ke ciyar da kai; ka riƙa ware awa ɗaya ko biyu kullum don koyo, kana saka abin da ka koya a cikin aikin da ke hannunka.

Ka yi ciniki a kan kowace ɗauka, bayan ka ga ainihin bidiyon da idonka, domin ɗaukar daƙiƙa 10 da kamara a kafe da wadda aka ɗauka a hannu ana gudu ba kuɗinsu ɗaya ba. A rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kansa, ko da a saƙon WhatsApp ne: yawan ɗauka, ranar miƙawa, tsarin fayil, da cewa gyara sau biyu ne a cikin kuɗin, abin da ya haura kuma da nasa farashin. Ka karɓi rabi a matsayin kafin alƙalami, ka aika samfuri mai tambarinka a kai, ka riƙe cikakken aikin sai an cika maka. Da abokin ciniki na Turai, yin farashi da yuro ya fi sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da shi a kan sefa 655.957 a kowane yuro ɗaya, amma ku daidaita tun farko a kan wanda zai ɗauki kuɗin turawa. Ka sa a cikin yarjejeniyar cewa sunanka zai fito a jerin ma'aikatan fim, kuma kana da izinin saka ɗaukar a faifan gwanintarka bayan fim ya fita. Bayan miƙawa, ka adana fayilolin aikin gaba ɗaya aƙalla shekara guda, domin daraktoci sukan dawo neman wani girman hoto ko wani gyara in gidan talabijin ko bikin finafinai ya buƙata.